Ajiye Tsofaffin Jiragen Sama: Abin Da Ya Tsirar Da Gidan De Havilland

Ran 15 ga watan Mayu na shekarar 1959 aka buɗe wa jama'a ƙofar wani ɗan ƙaramin gidan ajiye kayan tarihi a harabar wani tsohon gida mai suna Salisbury Hall, kusa da ƙauyen London Colney, a lardin Hertfordshire da ke arewa da birnin Landan. A ranar, abin da ke cikin gidan jirgin sama ɗaya ne tak, shi ma na katako. Yanzu gidan, wanda ake kira Gidan Tarihin Jiragen de Havilland, ya haura shekara 65 a inda aka kafa shi, kuma masu kula da shi suna ƙirga shi a matsayin gida na farko da aka buɗe wa jama'a a Biritaniya domin jiragen sama kaɗai.

Abin da ya sa ya kamata a waiwayi wannan gida shi ne, tun daga shekarar 2020 waɗansu takwarorinsa na Ingila suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An rufe waɗansu, an watsa jiragensu, har an yanka waɗansu an sayar da ƙarafan. Saboda haka tambayar da ke gaban masu lura da al'amarin ita ce, me ya sa wani gidan ke tsira, wani kuma ya rushe, alhali duka a ƙasa ɗaya suke, kuma duka masu son abin ne suka kafa su? Wannan tambaya ta shafi ƙasar nan, domin watan Nuwamba na shekarar 2025 shi ne cikon shekara 100 da saukar jiragen sama na farko a Kano, jiragen nan kuwa zanen Geoffrey de Havilland ne, watau mutumin da gidan ke ɗauke da sunansa.

YADDA AKA TSIRAR DA SAURO

A watan Oktoba na shekarar 1939, wata ɗaya bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin de Havilland ya kwashe masu zana jiragensa daga masana'antarsa ta Hatfield ya kai su Salisbury Hall, domin su yi wani aiki a asirce, nesa da inda Jamusawa za su yi ruwan bom. Shugabansu shi ne Ronald Bishop. Abin da suka sa a gaba shi ne jirgin kai bom mai injin biyu, wanda ba za a ɗora masa bindigar kare kai ko ɗaya ba, sai dai ya dogara da gudunsa. Har ila yau, ba da gorar ruwa za a ƙera shi ba, domin a lokacin ana tsoron ƙarancinta, da katako za a yi shi: wani icce mara nauyi da ake kira balsa, wanda ake samowa daga ƙasar Ekwado, a tsakanin siraran alluna da aka manne da gam.

Manyan Ma'aikatar Jiragen Sama da yawa sun ɗauki maganar a matsayin shirme. Wani babban hafsa, Sir Wilfrid Freeman, shi ya tsaya wa kamfanin har aka ba da odar guda 50 a watan Maris na 1940. An harhaɗa jirgin gwaji na farko a cikin wata rumfa da aka yi wa kamannin rumbun gona, aka shafa masa rawayan fenti don kada 'yan bindigar gida su harbo shi bisa kuskure, aka ɗauke shi a mota zuwa Hatfield, inda ya tashi ran 25 ga watan Nuwamba na 1940, ɗan mai kamfanin, Geoffrey ƙarami, yana tuƙi. Lambarsa W4050. Aka raɗa wa irin jirgin suna Mosquito, watau sauro. Gudunsa ya wuce mil 400 a sa'a, kuma kafin a daina yin sa an ƙera guda 7,781 a Ingila da Kanada da Ostireliya, da hannun kafintoci masu yin kujeru da tebura.

Da yaƙi ya ƙare, kamfanin ya ga ba shi da sauran amfani da jirgin gwajin, aka ba da umarni a lalata shi. Wani ma'aikacin sashen hulɗa da jama'a na kamfanin, Bill Baird, ya ƙi bin umarnin, ya sa aka kwance jirgin aka ɓoye. Bayan shekaru, wani tsohon hafsan soja, Walter Goldsmith, ya sayi Salisbury Hall, ya gano abin da aka yi a gidan lokacin yaƙi, ya nemi a maido da jirgin inda aka haife shi. A shekarar 1958 aka maido shi, aka gina masa rumfa, shekara ta zagayo aka buɗe ƙofa.

Abin lura a nan shi ne, ɓoyewar da Baird ya yi ta hana a ƙone jirgin ne kawai. Da an bar shi a fili, damina kaɗan za ta gama abin da wuta ba ta yi ba, musamman da yake gam ɗin da aka fara amfani da shi a irin waɗannan jirage daga madara ake yin sa, ba ya jure laima. Rumfar 1959 ita ce ta kai shi yau. Yanzu gidan yana da sauro uku a wuri ɗaya, abin da babu wani gidan tarihi a duniya da ke da shi.

ABOKIN GABA NA FARKO: SARARIN ALLAH

Mutane da yawa suna zaton jirgin ƙarfe ba ya lalacewa in an ajiye shi. To, amma ba haka abin yake ba. Jirgin da ke aiki kullum ana duba shi, ana tsiyaye ruwan da ya taru a cikinsa, ana shafa masa mai. Ran da aka kashe injinsa aka tafi, ruwan sama zai riƙa shiga ta bakin tagogi da ƙofofi, ya kwanta a ƙarƙashin dabensa inda ido ba ya kai wa. Gorar ruwa ba ta yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ta riƙa zama farin gari daga ciki, musamman a inda ta haɗu da wani ƙarfe dabam, kamar ƙusoshi da noti. Rana kuma tana fasa robar taya da gilashin matuƙi, tsuntsaye su yi sheƙa a cikin fikafikai, kashinsu ya ci fenti. Jirgi zai yi shekaru yana ba da sha'awa daga nesa, alhali ƙashin bayansa ya riga ya tafi.

Masu gidan de Havilland sun daɗe da sanin haka, domin yawancin jiragen da suka tara bayan na farkon a waje suka yi shekaru. Sun daɗe suna neman kuɗi kafin asusun kayan tarihi na cacar ƙasa ta Biritaniya ya ba su kusan fam miliyan biyu, suka haɗa da abin da suka tara, suka gina babbar rumfa wadda aka buɗe a watan Fabrairu na 2020. Wata guda bayan haka annobar korona ta sa aka rufe ƙasar baki ɗaya, kuɗin ƙofa ya tsaya cak. Duk da haka gidan ya farfaɗo, saboda jirgin da ke ƙarƙashin rufi yana iya jiran a buɗe gari ba tare da ya lalace ba.

Daga cikin abin da rumfar ta rufa wa asiri akwai gangar jikin wani jirgi mai suna Comet, watau tauraruwa mai wutsiya, wanda kamfanin Air France ya karɓa a 1953. Comet shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya. Ya fara tashi ran 27 ga watan Yuli na 1949, ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg ran 2 ga watan Mayu na 1952. A shekarar 1954 guda biyu suka tarwatse a sama, ɗaya kusa da tsibirin Elba a watan Janairu da mutum 35, ɗaya kusa da Naples a watan Afrilu da mutum 21. Masu bincike a Farnborough suka nutsar da gangar wani Comet a cikin ƙaton tankin ruwa, suna cika ta da ruwa suna ragewa sau dubbai, kamar yadda iska ke kumbura jirgi in ya hau sama ta saki in ya sauko, har fatar ta tsage. Ta haka aka tabbatar da cewa ƙarfe yana gajiya, kuma gajiyar tana taruwa ne a kusurwoyin kafofin da aka huda a jikin jirgi. Gangar da ke Salisbury Hall ita kaɗai ta rage da tagogin asali masu kusurwa huɗu. Ɗalibin injiniya zai karanta wannan darasi a littafi, amma gani ya kori ji.

ABOKIN GABA NA BIYU: FILIN HAYA

Rufi ba ya yiwuwa sai da fili, kuma a nan ne waɗansu gidajen suka faɗi. A Bruntingthorpe da ke lardin Leicestershire, an daɗe ana ajiye manyan jiragen yaƙi na zamanin yaƙin cacar baki a wani tsohon filin soja, har akan tayar da injinansu su ruga a kan titin jirgi jama'a na kallo. A shekarar 2020 filin ya koma hannun wani kamfanin cinikin motoci, wanda bukatarsa ita ce wurin jera motoci. Ƙananan jirage aka ɗauke su a mota zuwa waɗansu wurare. Manya biyu ƙirar VC10, waɗanda ba su da izinin tashi kuma sun fi ƙarfin hanyar mota, aka yanka su a 2022.

A Newquay da ke lardin Cornwall ma haka aka yi. An buɗe wani gidan jirage a gefen filin jirgin garin a 2015, yana samun maziyarta, amma filin na majalisar lardin ne. Da majalisar ta ƙi sabunta hayar, gidan ya tashi a 2023, aka rarraba jiragen, manya daga cikinsu kuwa sai da aka kwance su ko aka yanka su kafin su hau mota.

VC10 ba baƙo ba ne ga mutanen ƙasar nan da suka manyanta. An zana shi ne musamman domin filayen ƙasashe masu zafi da gajeren titi, tafiyarsa ta farko da fasinja daga Landan zuwa Ikko ya yi ta ran 29 ga watan Afrilu na 1964, kuma kamfanonin jiragen Nijeriya da Ghana duka sun yi amfani da shi. Guda 54 kaɗai aka ƙera. Duk wanda aka yanka, babu inda za a samo madadinsa.

Gidan de Havilland kuwa bai taɓa tashi daga inda yake ba tun 1959, ba ya kuma cikin filin jirgin da ke aiki, balle wani ya zo ya ce yana bukatar wurin domin ciniki. Da ba a tabbata zai dawwama a wurin ba, babu asusun da zai yarda ya zuba miliyoyi a ginin rumfa.

ABOKIN GABA NA UKU: TSUFA

Abu na uku da ba a cika ambata ba shi ne hannun da ya san jirgin. Gidan de Havilland ƙungiyar amintattu ce ke riƙe da shi, yawancin masu yi masa aiki kuma 'yan sa kai ne, ba su karɓar albashi. Ƙarfinsa na farko shi ne maƙwabtaka da Hatfield, inda dubban mutane suka koyi aikin jirgi, waɗansunsu in sun yi ritaya sai su zo su ci gaba da gyaran abin da suka ƙera da ƙuruciya. To, amma kamfanin da aka kafa a 1920 ya shiga cikin Hawker Siddeley a 1960, masana'antar Hatfield kuma ta daina aiki a farkon shekarun 1990, yanzu jami'a da ofisoshi ne a wurin. Wanda yake da shekara 30 a lokacin da aka rufe ta, yanzu ya haura 60. Rijiyar da gidan ke ɗiba ta daina ɓuɓɓuga, dole ya koya wa matasa aikin tun masu shi suna da rai.

Labarin jirgin yaƙin nan Vulcan ya nuna nauyin wannan magana. Jama'a sun tara miliyoyin fam aka maido da guda ɗaya sama, amma a watan Oktoba na 2015 ya yi tashinsa na ƙarshe, saboda kamfanoni uku da doka ta ce sai sun tsaya masa sun janye, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne ƙarancin waɗanda suka san irin jirgin. Bayan haka filin Doncaster inda aka ajiye shi aka rufe shi a watan Nuwamba na 2022, aka shiga wata sabuwar damuwa a kan makomarsa.

INDA ZANCEN YA SHAFI ƘASAR NAN

Ran 27 ga watan Oktoba na 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na mayaƙan saman Biritaniya suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri, suka sauka a Kano ran 1 ga watan Nuwamba. A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano da jirgin DH.86, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Da aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma a 1946, na haɗin gwiwar Nijeriya da Gold Coast da Saliyo da Gambiya, da jirgin de Havilland mai suna Dove, watau kurciya, ya fara aiki a 1947, daga baya ya ƙara da yayansa mai injin huɗu, Heron, watau zalɓe. Su ne kamfanin jiragen Nijeriya ya gada a 1958, tare da waɗansu. A Salisbury Hall akwai kurciya akwai zalɓe. Ba su ne ainihin waɗanda suka yi aiki a nan ba, amma irinsu ne, kuma wanda ke son ya ga DH.9A zai same shi a gidan tarihin mayaƙan sama da ke Hendon a Landan.

Ba a ce ƙasar nan ba ta ajiye kome ba. Gidan Tarihin Yaƙi da ke Umuahia yana da jiragen yaƙin basasa na ɓangarorin biyu. Amma tarihin jiragen farar hula, wanda Kano ce ƙofarsa, ya fi wannan faɗi: alhazan da suka bar ayarin ƙasa suka koma jirgi, Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ƙaramin jirgin koyon tuƙi Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, da kamfanin jiragen Nijeriya kansa wanda ya daina aiki a 2003. Injiniyan da yake da shekara 40 a waccan shekara yanzu shi ma ya haura 60.

Wani zai ce, ƙasar da asibitocinta da makarantunta ke kuka ba ta da kuɗin ɓatawa a kan tsohon ƙarfe. Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ne irin waɗannan gidaje ba sa ciyar da kansu, tunda ko a Ingila kuɗin ƙofa bai gina rumfa ba. Kuɗin caca kuwa ba hanya ba ce da jama'ar wannan yanki za su amince da ita, sai dai a dubi kasafin gwamnati da gudummawar kamfanonin jirage da waƙafin masu hali. Amma daga cikin abokan gaba ukun nan, biyu sun fi sauƙin kayarwa a nan. Filayen jirage da makarantun horarwa na gwamnati ne, saboda haka ware fili da ba shi takardar mallaka aikin alƙalami ne. Bushewar iskar Arewa kuma ta fi gishirin bakin teku tausaya wa gorar ruwa, wannan ne ma ya sa Amurka ke jibge dubban jiragenta a hamadar Arizona. Abin tsoro a nan shi ne rana da ƙurar hunturu da gara, su kuwa rumfa mai kyau da daben siminti suna maganinsu.

Aikin farko ba gini ba ne, ƙidaya ce. Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa alhakin kayan tarihi, ta haɗa kai da hukumomin jiragen sama da mayaƙan sama a rubuta kowane tsohon jirgi da ke kwance a filayen ƙasar nan, da lambarsa da mai shi da halin da yake ciki, a kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a sayar wa 'yan gwangwan da jirgin gwamnati ba sai hukumar ta duba shi. A lokaci guda a nemo tsofaffin matuƙa da injiniyoyi a ɗauki bayaninsu, a tattara littattafan gyara da hotuna. Bill Baird sai da ya saɓa wa umarnin na gaba da shi kafin sauro ya tsira. Bai kamata ƙaramin ma'aikaci a ƙasar nan ya sa aikinsa a cikin haɗari ba kafin a tsirar da jirgi ɗaya, alhali takardar umarni guda daga ma'aikata ta isa.